Firjin Jirgin Malam Abu

Legas

Zuwa ga Adda Saude,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da mutanen Roni.

Adda, wani aiki ne ya riƙe ni. Wani dattijo ɗan Senegal, Malam Abu, ya zo shagonmu neman mai gyaran firji. Shi da matarsa Zara ba su da gida a ƙasa. A cikin jirgin ruwa suke zaune, irin wanda iska ke turawa da manyan ƙyallaye. Zara tana da ciwon suga, allurarta kuma sai a sanyi, ga firjinsu ya mutu.

Ya so mai aiki da gas, na hana shi, don irin wannan ba ya sanyi sai a daidaice yake, jirgi kuwa kullum a karkace. Na gida kuma ya fi ƙarfin batirinsu. Sai na ƙera akwati a ƙarƙashin benci, na lulluɓe shi da soso mai kauri, na sa ƙaramin kwamfaresa, wato injin sanyaya shi, mai shan wutar sola. Jibi za mu fita gwaji.

Ƙaninki,
Ukasha

Roni

Ukasha,

Muna lafiya. Da hoton takardarka ya shigo wayata, sai da na zauna. Mutane da aurensu, a kan ruwa suke kwana suna tashi? To in ɗayansu ya rasu, ina za a binne shi?

Kuma mene ne "za mu fita"? Kai da ko dam ɗin Kazaure ba ka taɓa sa ƙafa a ciki ba! Ka haɗa musu, ka karɓi sallama a tudu. Ban karanta wa Inna wannan layin ba.

Yayarka,
Saude

Kwatano

Adda,

Ina gaishe ku. Ki yafe shirun da na yi, kuma ki zauna kafin ki ci gaba.

Mun fita. Firjin ya yi sanyi har Zara tana ta sa min albarka. Da la'asar hadari ya taso. Igiyar ruwa ta fi soron gidanmu tsawo, Adda, da idona na gani. Ƙarfen da ke riƙe ƙyallen ya juyo ya karya hannun Malam Abu. Ruwa ya shiga inda na ajiye batir, komai ya ɗauke. Ina amai, Zara tana min ihu: "Ja igiyar nan, ɗana, ja!" Ita ta tuƙa mu, iska ta kawo mu Kwatano.

Sosan ya riƙe sanyi har muka iso, allurar ba ta lalace ba. Na sake wayoyin, na ɗaga batirin sama.

Ga maganar. An ɗaure hannun Malam. 'Ya'yansu suna Dakar, jirgin nan kuma shi ne duk abin da suka mallaka, ba za su bar shi ba. Zara ba za ta iya ita kaɗai ba, in firjin ya sake tsayawa a tsakiyar teku babu mai tayar da shi. Sun roƙe ni in raka su. Na ce sai abin da Inna ta ce. Don Allah ki karanta mata duka.

Ukasha

Roni

Ukasha,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na karanta mata, ban tsallake komai ba. Na zaci za ta fashe da kuka. Sai kawai ta tambaya ko matar sa'arta ce. Na ce da alama.

Ta ce in rubuta maka haka: kada ka sauka daga jirgin nan sai ka damƙa matar a hannun 'ya'yanta.

Ni ban yarda ba, na kuma gaya mata. Amma ga shi na rubuta. Allah ya tsare.

Yayarka,
Saude