Yadda Adda Ta Tambayi Baba Hanyar Gashaka

Laraba, bayan isha'i

Wallahi yayata Adda Hauwa daban ce. Tun makon jiya nake kwana da fargabar Baba ba zai bar ni in bi su Gashaka ba, ita da mijinta, su kwana a tanti cikin daji, su hau duwatsu. Ni ko buɗe baki a gabansa ban iya ba. Na dai shirya jawabi a raina irin na jaruman littattafaina, har da hawaye.

Ita ba ta nemi izini ba sam. Ta kawo masa shayi, ta zauna gefen tabarma ta ce, "Baba, kai da ka yi shekara da shekaru kana jan mota a hanyar Mambilla, daga Bali zuwa Serti ina ake shan mai?"

Sai ga Baba ya kashe rediyo. Ya ɗauki tsinke yana zana hanya a ƙasa: nan muguwar kwana, nan rafin da ba a ƙetarewa in ya cika, nan birai suka taɓa sace masa burodi. Bai taɓa yi mana hira haka ba. Adda sai "to, Baba" take, kamar ba ta riga ta san hanyar ba.

Ina bayan labule ina saurare. Can ya ce, "Kada magariba ta same ku a hanya. Wannan mai laɓewar kuma a nemo mata takalmin kirki, silifas ba ya hawan dutse."

Na aro na Adda. Sun yi min yawa, amma ina ta zagaya ɗaki da su a hankali kar Mama ta ji.