Babban Yatsan Khalilu

Ƙurban, Madina,
9 ga Rajab.

Zuwa ga uwargidana Tasallah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da 'yarmu Lubna da jikoki. Yaya ciwon gwiwa? Ni nan alhamdu lillahi, sai tsufa da ya shigo ba sallama.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun mai komowa daga Umara alhali ga waya. Wayar gidanmu ta kowa ce, duk saƙon muryar da na aiko sai jikoki sun gama saurare kafin ya iso kunnenki. Wannan magana kuwa daga ni sai ke.

Na ji sanarwar gwamnatin jiharmu. Kin tuna shekara biyu baya, da aka soke harajin kasuwanni aka rage na manyan 'yan kasuwa, ni na fi kowa murna. Har shayi da gurasa na saya wa abokan aikina a shagon wanki da guga. Abdulfattah, Bahaushen Sudan ɗin nan da muke ɗaki ɗaya, ya ce in dakata in ga daga tukunyar wa za a ɗebo abin da aka yafe. Na ce baƙin ciki yake yi. To ga shi ashe tukunyarmu ce. Sun ce kasafin kuɗin bana ya zo da giɓi, asusun fansho ba zai iya ɗaukar kowa ba, don haka bayan ƙaramar Salla kowane ɗan fansho zai je da ƙafarsa ya ɗora yatsa a na'ura. Wanda yatsansa bai dace da sunansa ba, na bogi ne, a soke shi, wataƙila har a kai shi kotu.

Kin san inda matsalar take. Shekara tara da suka wuce, da aka fara ɗaukar yatsu, kafilina, Balaraben da takardar zamana ke hannunsa, ya hana ni hutu. Ni na roƙi ƙanena Khalilu ya sa hulata, ya ɗauki katina, ya je ya dangwala nasa. Kamanninmu kamar an tsaga kara, ba wanda ya dube shi sau biyu. Na ce ai haƙƙina ne, shekara talatin ina cin alli a makarantar firamare. Tun ranar, a wurin gwamnati Malam Zakiru shi ne babban yatsan Khalilu. Sau biyu na zo gida, kowane zuwa ina niyyar gyarawa, sai in tuna kazar da ta tono wuƙar yankanta, in yi shiru.

Yanzu kuma kin ce Khalilu na kwance, ƙoda ta matsa masa. Tasallah, tsoro nake ji. A nan baƙo ba ya da fansho. Ranar da ƙarfi ya ƙare, ɗan kuɗin sallama ne da hanyar filin jirgi. Kafili ya fara ƙorafin kuɗin da hukuma ke karɓa a kan ma'aikaci baƙo, yana faɗa yana kallon hannuna, don gugata ta rage sauri. Shekaruna sittin da uku. Fanshon nan shi ne tuwonki yau, shi ne namu gobe.

Ki gaishe da Khalilu da jiki, ki rubuto min gaskiyar halin da yake ciki.

Naki mijinki,
Zakiru.

Ƙurban, Madina,
17 ga Sha'aban.

Zuwa ga Tasallah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, da shirin azumi. Allah ya sa gwiwar ta yi sauƙi. Takardarki ta iso, na karanta ta a bayan shago a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Ki yafe min tambayar da na yi miki a waya ranar Juma'a. Kina faɗa min Khalilu ba ya iya zama sai an tallafe shi, ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne ko za a iya ɗaukarsa a mota zuwa wurin tantancewar. Ban kyauta ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Na samu shiga Rauda a Masallacin Annabi makon jiya, wurin da mutane ke sayar da gona don su zo su yi raka'a biyu. Na ɗaga hannu ina roƙa wa Khalilu lafiya. Ina cikin addu'ar sai na lura ba fuskarsa nake gani ba, yatsansa nake gani a kan gilashin na'ura. Na rasa wa nake roƙa wa tsawon rai, ɗan'uwana ko fanshona. Na fito a ruɗe har askari mai gadin ƙofa ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Khalilun da ya riƙe min gida shekara goma sha biyu. Shi ya gyara rufin ɗakinki da damina ta kwashe shi, shi ya tsaya waliyyin Lubna ina nan ina goge haramin alhazai. Ni ne babba, amma shi ya yi girman.

Labaran da ke zuwa ba su da daɗi. Ana cewa ko waɗanda suka tsallake tantancewa za a rage musu, wasu na cewa tsarin gaba ɗaya za a sake. Ban san gaskiyarsu ba. Abdulfattah ya ce in daina sauraren labarai a wayata kafin in ƙona wa wani jallabiya, don na riga na ƙona tawul biyu. Yana tsokanata don in yi dariya, Allah ya saka masa. Amma duk na rufe ido sai in gan mu, ni da ke, zaune a zauren mijin Lubna muna jiran a miƙo mana kwano. Ba mutuwa nake tsoro ba, wannan nake tsoro.

Na aiko da dabinon ajwa da Zamzam. Ki kai wa Khalilu da hannunki, kada ki ambaci tantancewa a gabansa.

Mijinki,
Zakiru.

Ƙurban, Madina,
3 ga Shawwal.

Zuwa ga Tasallah,

Assalamu alaikum. Ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan Khalilu, ya sa azumin da ya cika a cikinsa ya zama shaida gare shi. Ki isar da ta'aziyyata ga matarsa Hajo, ko da yake ban san da wane ido zan dube ta ba.

Abin da kika rubuto ya karya ni. Ashe ba sai an ambata masa ba, yana sane. Ashe kwana biyar kafin rasuwarsa ya matsa sai da aka ɗauke shi a kan katifa zuwa ofishin fansho, yana roƙo a bar shi ya ɗora yatsa tun yanzu don ba ya jin zai kai bayan Salla, suka ce ranar ba ta zo ba. Mutum da azumi a bakinsa, da ciwo a jikinsa, ya je zai yi ƙarya ta ƙarshe saboda ni. Na gode wa Allah da suka kore shi. Wannan ne karo na farko da ma'aikacin gwamnati ya yi min alheri ba da saninsa ba.

Na nemi kafili ya ba ni takardar fita ta ƙarshe, ya sa hannu ko tayin in zauna bai yi ba. Kin san burin da ya zaunar da ni a garin nan, in cika a Madina a binne ni a Baƙi'a. Jiya bayan La'asar na je na tsaya a bakin katangarta na yi sallama da ita. Ban ga yadda zan kwanta cikin waɗannan bayin Allah da kayan da na ɗora wa ƙanena ba.

Zan iso ranar Laraba ta sama, tantancewa kuma Litinin ɗin da ke biye da ita. Zan tsaya gabansu in faɗi yadda aka yi, tun daga hular har katin. Ko su soke ni, ko su tsare ni, ko su tausaya, ban sani ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, ko abinci ba ya shiga. Ga wani abin kuma: sabulu da dutsen guga sun cinye zanen yatsana, ya yi sumul kamar bayan cokali. A ofishin fasfo sai da na ɗora sau biyar kafin na'urarsu ta yarda mutum ne.

Ki buɗe akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, ki fito da takardar ɗaukata aiki da hoton da na yi da 'yan aji shida. Ki shirya, tare za mu je ko da a Keke Napep ne saboda gwiwarki. In suka tambaya wa zai shaida ni ne Zakiru, ke zan nuna, don wanda ya fi kowa sanina yana ƙasa.

Na rame, gemuna ya yi fari fat, ba kamar yadda waya ke nuna miki ba. Ki dube ni da kyau a tasha, Tasallah. In ke ma kika yi shakka, ba ni da sauran shaida.

Ki gaida Lubna da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Zakiru.