Ƙuli-ƙulin Ran Juma'a

Magariya, daren Talata, bayan girbin gero.

Yau Sarjan Mato ya kore ni daga aiki, ni da nake jinyarsa!

Tun da ya dawo daga yaƙin ƙasar Indoshin ya nemi kashe kansa muka yi alkawari: kullum da safe zai zo gidan likita ya ƙame ya sara mini, in gan shi da rai. Wata uku ke nan ban kwana wajen gari ba. Inna na kwance ba lafiya a ƙauyenmu Kwaya, ban leƙa ta ba. Tuwo ma a tsaye nake ci.

Da safen nan ya tarar ina ƙirga ƙwayoyin maganin kinin ina ta ɓata lissafi. Ya dube ni daga hula har takalmi, irin duban da yake wa kurata.

Ya ce, "Ɗana, wa ke karɓarka a gadi?"

Na ce, "Babu, Baba."

"Sojan da ya kwana biyu a tsaye ba ya tsaron kowa. Kofur Illo zai karɓi gaisuwata. Tafi wurin tsohuwa."

Na yi gardama har na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Tsoro nake ji, kada in dawo in tarar da tabarmin makoki. Amma tare suka yi yaƙi da Illo, ya fi ni sanin idonsa.

Har ya kai ƙofa ya juyo: "Ran Juma'a ka taho mini da ƙuli-ƙulin Kwaya."

Tun da na san shi bai taɓa zancen ko gobe ba, yau ga shi yana jiran Juma'a.

Na ɗaure kayana. Ƙuli-ƙuli, kada in manta.