Maigidana Ya Kasa Ce Wa Babana Ba Haka Ba Ne

Anti Hadiyya, don Allah ki agaje ni, kaina ya kulle. A ƙasar waje muke zaune, a unguwar Sentul. Maigidana, Abban Zuhra, yana karatun dakta a kan harajin hayaƙi, wato kuɗin da ake ɗora wa masu gurɓata iska. Babana kuwa kansila ne a ƙaramar hukumarmu can gida. Gadar garinmu ta karye tun bara, har masu naƙuda sai an yi dogon zagaye da su. Kullum amsar ɗaya ce, wai kason da ke zuwa daga sama a albashi yake ƙarewa.

Wallahi ban taɓa ganin surukai masu ƙaunar juna irin waɗannan ba. In Baba ya kira, gaisuwa kawai nake samu, sai ya ce in miƙa wa Dakta, alhali mutumin ko gamawa bai yi ba. Shi kuma sai ya durƙusa a tsakiyar falo, waya a kunne, kamar Baba na kallonsa.

A irin wannan hirar ya yi wa Baba bayanin karatunsa. Baba ya ɗauki rabi ya kai majalisa: a sa wa duk injin da ke hayaƙi haraji, a gyara gada. To su wa ke da inji? Mata masu niƙa da masu ban ruwa a fadama, tunda ko turken wuta babu a ƙauyukanmu. Mutanen hedikwata masu lantarki ba ruwansu. Har Inna Ɗelu da ta raine ni abin zai shafa, da injinta take ciyar da marayu.

Abban Zuhra ya san ba haka abin yake ba, amma kunya ta rufe masa baki. Sai ya yi ta cewa haka ne Baba, ya ajiye waya, ya sauka mamak, wato shagon shayin unguwarmu, ya zauna har shayinsa ya huce. Baba kuwa yana ta alfahari a kasuwa da harajin surukinsa. Ƙarshen watan nan za a amince da kasafin kuɗi. Ina tsoron mutuncin Baba ya zube a garinsa, kuma da sunan mijina.

'Yar Kansila, Sentul

'Yar Kansila, na yi dariya, na kuma tausaya miki. Babanki bai yi laifi ba, gada yake nema wa jama'arsa kuma asusu wayam. Kunyar maigidanki ma abin so ce. Sai dai mai niƙa ba ta zaɓi hayaƙi ba, wuta ce ba a kai mata ba, kuma bai kamata ta biya kuɗin kunyar wani ba.

Kada kowa ya ce Baba ya yi kuskure. Ke ki fara kira, 'ya ba ta da wannan shamakin. Ki ce Dakta yana da ragowar bayani da bai ƙarasa ba. Sannan shi ya kawo ragowar: a cire masu niƙa da ban ruwa, a duba manyan motocin yashi da gawayi da suka fi hayaƙi kuma suka fi cin hanya, abin da aka tara a keɓe shi ga gada, a sanar da jama'a. Baba ya kai wa majalisa gyaran da bakinsa, girmansa ƙaruwa zai yi.

Ku yi shi a makon nan, kafin a sa hannu. Allah Ya bar ƙauna, Ya sa Inna Ɗelu ta haye sabuwar gada da ƙafarta. Ki gaishe min da Dakta, ki ce ba sai ya miƙe ba, a durƙushen ma ana faɗar gaskiya.

Anti Hadiyya