Gwandar Dajin Yelwa

Juma'a, 10 ga Yuli, 1987

Meram, matar ɗana Babayo, ta sauka. Mace! Na zama kaka. Don murna, baƙaƙen da nake rubutawa sai hawa kan juna suke kamar farkon shigata ajin yaƙi da jahilci. Bakwaini ce. Da matata Ya Gana ta miƙo mini ita, na ɗauka zanen kaɗai ta ba ni.

Juma'a, 17 ga Yuli

An raɗa suna, amma Yelwa za a riƙa kiranta. Ni kuwa amaryata ce.

Shekaranjiya na hau mota har Katagum, bayan gari inda muka yi kiwo muna yara, na samo gwandar daji nunannu, ruwan ɗorawa, ƙamshinsu ya cika aljihu. Yaran Azare na yanzu ba su ma san ta ba. Na shanye, na binne 'ya'yan a gindin katanga.

Da nake rufe ƙasar zuciyata ta ce, in ta tsiro, yarinyar za ta rayu. Astagfirullah. Ban faɗa wa kowa ba.

Lahadi, 9 ga Agusta

Shiru, ba ta tsiro ba.

Maƙwabcina Zacchaeus na ofishin gona (shi ya rubuta mini sunan, ya fi ƙarfin ajinmu) ya leƙo ta katanga. Wai, "Baba, ƙasa kake gadi?" Ya ce zai ba ni dashen gwandar gida, kafin shekara mu sha. Na ce waccan mai cikin rami, da iska ke karyawa? Ta daji sai ta gama aikinta a ƙasa kafin ta nuna kai. Ya ce, "To, Allah ya ba mai gadi haƙuri."

Yelwa ba ta kama nono sosai. Da cokali ake ɗiga mata.

Litinin, 7 ga Satumba

Ta fito! Ganye biyu, kamar kunnen ɓera. Na fita ba hula ina kiran Ya Gana. Ta duba ta ce, "Malam, a kan wannan ka zubar mini da kunu?"

Amaryata kuma ta riƙe mini gemu yau. Da ƙarfi.

Asabar, 12 ga Disamba

Na kewaye gwandar da ƙaya saboda awaki. Ta kai taƙi ɗaya. In ka murza ganyen, ƙamshin dajin Katagum sak. Na kai wa Yelwa hanci, ta yi atishawa, ta yi dariya. Kumatu sun fara fitowa. Na ce wa Meram a rage mata abinci, kada ta fi ƙarfin angonta. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Litinin, 14 ga Maris, 1988

Baƙon dauro ya shigo unguwa, ya kama Yelwa. Jiki kamar garwashi, idanu sun liƙe. Suna asibiti.

Ganyen gwandar ya zube duka. Tsinke kawai.

Alhamis, 17 ga Maris

Ban je asibiti ba. Na kasa. Ruwa nake ta kai wa tsinken, safe da yamma, har wurin ya zama taɓo.

Ya Gana ta dawo ɗaukar tuwo ta same ni a tsugune. Ta daɗe a kaina. Ashe ta sani tun tuni. Ta ce, "Malam, wadda ke neman ka ba a gindin katanga take ba. In an taɓa ƙofa sai ta juyo kai."

Na ajiye butar. Zacchaeus ya kai ni a babur ɗinsa, bai yi mini tsiya ko ɗaya ba a hanya.

Na sunkuya na ce, "Amarya, angon ya zo." Ido a rufe ta laluba, ta sami gemun.

Talata, 22 ga Maris

Zazzaɓi ya sauka. Ta sha koko. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Asabar, 11 ga Yuni

An yi ruwa mai kyau jiya. Da hantsi ina kan tabarma, Yelwa na rarrafe a tsakar gida, sai Zacchaeus ya ɗago kai ta katanga: "Baba mai gadi, ka yi barci a bakin aiki! Duba can."

Tsinken yana nan a bushe. Amma a gefensa toho ya ɓullo daga saiwa, jajaja, mai laushi. Haka take yi a daji bayan gobara, na sani tun ina yaro, na manta ne kawai. Rabona da duba wurin… ban ma tuna ba. Ƙayar ma an kwashe an hura wuta.

Kafin in tashi amaryata ta riga ni. Ta zauna daɓas, ta kama tohon da hannu biyu, ta tsinke, ta kai baki. Ta yamutsa fuska, ta miƙo mini saura.

Ya Gana ta saki muciya tana kallona.

Na karɓa na tauna. Da ɗan ɗaci.

Zai sake fitowa, ina jin. In na tuna gobe zan sa ƙaya.