Ayari Ya Tashi Babu Mu

Asabar, 8 ga Muharram, 1290, a Makka

Ayarin Katsinawa ya kama hanyar gida yau. Babu mu. Tun asuba na ɗaure kaya, na goya Jinjiri, ina jiran mijina Malam Armaya'u ya kawo jakuna. Da hantsi ya hau benen nan hannu rabbana. Ya sayar da su tun kafin Arfa.

"Zuwaira, nan za mu zauna," in ji shi. "Wa zai bar maƙwabtaka da Ɗakin Allah ya koma Ruma, kullum ana gudun harin Maraɗawa?"

Na ce, to ita 'yata da muka baro a cikin harin fa? Ya sunkuyar da kai.

Litinin, 10 ga Muharram

Ranar cika-ciki. Ban ci komai ba.

Alhamis, 4 ga Safar

Ashe kowa ya sani. Inno, uwar Malam, wadda muka zo da ita, ta faɗa mini tana taunar dabino, kamar ba komai ba. Kafin mu taso Malam ya bar wa ƙanensa Salmanu gona da shanu, kyauta, gaban shaidu a Batsari. Ni kuwa ya dafa Alƙur'ani ya ce hajji kawai za mu yi mu juyo. A kan wannan rantsuwar na bar 'yata wajen mahaifiyata, don tana da ciwon ƙirji, ba ta iya hanya.

Na ce, "Inno, ke ma?" Ta ce, "Da an faɗa miki ai ba ki tahowa."

'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Bari in rubuta. Safiyatu. Safiyatu.

Talata, 15 ga Rabi'ul Awwal

Zafin garin nan ba irin namu ba ne. A Ruma in rana ta take sai a shiga gindin tsamiya. Nan babu itace, duwatsu ne kewaye da mu, bango ma ƙuna yake. Ɗaki ɗaya, mu huɗu. Babu tsakar gida, babu rijiya, sai mai salka ya hauro da ruwa, shi ma da ɗumi. Jinjiri duk ƙuraje sun feso masa a wuya.

Na samu gero a kasuwa, na ari turmi wajen wata Babarbariya. Ina fara daka, Balarabiyar da ke ƙasanmu, Sitti Maimuna, ta hauro tana ihu, tana nuna mini ƙasar rufi a kanta. Larabcin da mahaifina ya koya mini na littafi ne, ban gane ko rabin zaginta ba. Mun kwana da gurasa.

Malam ya ce miyar ba gishiri. Na sani.

Juma'a, 9 ga Rabi'us Sani

Na je ɗawafi. Ina kallon Ka'aba ina roƙon Allah Ya fitar da ni daga garin. Astagfirullah. Wa zan faɗa wa wannan?

Lahadi, 17 ga Jimada Ula

Jiya da azahar Jinjiri ya sanƙare, idanu suka juye. Malam yana Harami wajen karatu, Inno sai salati. Na sauko da shi a guje, ko mayafi babu. Sitti Maimuna ta fizge shi daga hannuna, ta jiƙa zane ta naɗe shi, ta sa ni fifita, tana ɗiga masa ruwa a baki da auduga. Kafin la'asar ya yi kuka.

Ta ce in riƙa sauke shi wurinta da rana, ƙasa ya fi sanyi. Ta nuna mini wani lungu bayan gida inda zan yi daka.

Malam ya dawo, ya zauna ya riƙe ƙafar yaron, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ki yafe mini." Na ce ya je ya faɗa wa wadda ke Ruma.

Laraba, 17 ga Rajab

Wasu mutanen Safana sun iso, sun sauka a unguwarmu. Cikinsu akwai Uwani, matar wani maƙeri. Ta ga Safiyatu kafin su taso, da daɗewa dai. Wai tarin ya lafa, har tana zuwa rafi da ɗan tulu. Na sa ta maimaita har ta gaji.

Daga nan ita ta fashe da kuka, wai zafi zai kashe ta, a mayar da ita gida. Na jiƙa mata zane. Na ce kada ta fita bayan hantsi, ta rataye salka a taga ruwan ya huce, in mai ruwa ya zo ta ɗanɗana kafin ya juye. Gobe zan kai ta inda ake samun gero mai kyau.

Na ce mata, "Yi haƙuri, za ki saba."

Ni na faɗa. Ban yafe wa Malam ba, wannan daban ne. Amma ni na faɗa.