Ranar da Na Cire Sunanka, Yaya Laminu

Zuwa ga yayana Laminu, gwanin kokawar Dakusa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a inda kake. Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinka. Mutane sun zo daga Guna da Takieta, kowa da labarinka a baki. Da aka zo kan shekarar da muka sami mulkin kai sai aka riƙa kallona ta gefen ido. To, bari in faɗi nawa, kai ka ji, su ma su ji.

Kaka goma sha huɗu ka yi bayanka bai taɓa ƙasa ba. Ni ban taɓa zama ɗan kokawa ba, ka sani, ƙirjina bai kai ba. Abin da Allah Ya ba ni ido ne, shi ya sa aka naɗa ni sarkin samari, aka ce ni zan riƙa zaɓen waɗanda za su shiga fage da sunan gari.

A kakar shekarar nan saƙo ya zo daga Damagaram cewa kowane gari ya aiko 'yan kokawa uku. Kwana uku za a yi ana karawa, saboda murnar sabuwar tuta. Wanda ya yi kaye da safe zai sake shiga da la'asar. Babu wanda ya tambayi sunan farko. Kowa ya ɗauka naka ne, biyun da suka rage ake gardama a kai.

Amma ni na ga abin da ba su gani ba. Muna kwasar gero a gonar Baba, ka ɗora dami a ka, ka yi taku uku, gwiwarka ta hagu ta lanƙwashe. Ka dafa rumbu ka tsaya kana haki. Da ka ga ina kallonka sai ka ce ƙaya ce ka taka. Yaya, ƙaya ba ta kumbura gwiwa kamar ƙwarya.

Dattawa sun rabu biyu. Wasu suka ce a tafi da kai ko don darajarka, in an kayar da kai ƙaddara ce. Wasu suka ce a tashi da sassafe kawai, ka wayi gari ka tarar kamyo, babbar motar da za ta kai 'yan kokawa, ya tafi. Na ƙi duka biyun. Na farko sayar da ƙafarka ne don a yi mana tafi, na biyu kuwa sata ce, ni kuma ba zan saci komai a hannunka ba.

Na same ka a gonar gyaɗa, rana tsaka. Na ce maka ba zan sa sunanka ba. Na ce kana da kwana shida, zuwa ranar kasuwa, ka tsaya gaban jama'a ka ce ka ajiye kokawa da kanka, a yi maka kiɗa a raka ka gida. Ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, “Isufu, ni na goya ka zuwa wajen wanzami kana kuka. Yau kai ne za ka gaya mini ranar da zan tsufa?” Duk da haka ban janye ba.

Ranar kasuwa ba ka ajiye komai ba. Ka ɗaura warkinka da layunka, ka shiga fage, ka kira Habu, saurayin da na yi niyyar sawa a gurbinka. Habu yana da ƙarfi kamar bijimi, amma bai san dabararka ba. Kafin makaɗi ya gama kirarinka ka shiga ƙarƙashinsa, ka ɗaga shi, ka shimfiɗe shi. Gari ya ɗauki ihu. Mata suka yi guɗa. Ni kaina sai da hawaye ya zo mini, don ban taɓa ganin kaye mai kyau irin wannan ba.

Sai dai na ga yadda ka fita. Ba ka yi rawar da ka saba ba. Ka rataya hannu a kafaɗar makaɗi kamar kuna raha, alhali shi ne yake ɗauke da rabin nauyinka. Karawa ɗaya ke nan. A Damagaram shida ke jiran ka.

Na tashi na faɗi sunaye uku, naka ba ya ciki. Ganga ta tsaya. Wani ya ce hassada ce ta 'yan uwantaka. Wani ya jefe ni da ɓawon gyaɗa. Inna, Allah Ya jiƙanta, ta yi mako ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Kai kuwa ba ka zage ni ba, da ma ka zage ni. Ka wuce ta gabana kamar ka wuce kututture.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ba mu ci komai a Damagaram ba. Habu ya kayar da mutum biyu, na uku ya yar da shi. Muka hau kamyo muka dawo gida. Har yau akwai masu cewa da Laminu ya je da an san Dakusa. Wataƙila. Amma ni na tsaya a bakin fagen nan, na ga wani tsohon gwani daga gabas da mutanensa suka kawo don kunya. A rana ta biyu wani saurayi ya faɗa masa a kan ƙafa, aka ji ƙarar ƙashi har inda nake. A tabarma aka fitar da shi, aka nufi likita, yara suna bin su suna dariya. Na ce a raina, kowa ya zage ni, nawa wan yana gida da ƙafarsa biyu.

Shekara uku ba ka yi mini magana ba sai sallama. Muna noma gona ɗaya, kai a wancan gefe, ni a wannan. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, Yaya. Na yi kewar dariyarka ƙwarai.

A kaka ta uku ka shiga fage ba wanda ya kira ka. Ka kwance layunka ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaura wa Habu a damtse, ka ɗaga hannunsa. Da za ka fita ka tsaya a gabana ka ce, “Yanzu na bari. Ni na bari da kaina, ba wani ya hana ni ba.” Na ce haka ne, Yaya. Da yamma ka aiko a kira ni mu ci tuwo kwano ɗaya.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni sai in ce kai ka ajiye da kanka. Na bar maka wannan magana duk tsawon rayuwarka, don ka cancance ta. Da ƙafar nan ka noma abincin 'ya'yanka tara, da ita ka yi ɗawafi, da ita ka raka Inna makwancinta. Yau da ba ka nan zan faɗi gaskiya sau ɗaya: ni na hana ka, Yaya, kuma in aka mayar da ni ranar kasuwar nan, zan sake hana ka.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mini ɓacin ran da na sa ka. Allah Ya haɗa mu a inda babu mai kayarwa, babu wanda ake kayarwa. Amin.

Ƙanenka da bai taɓa daina alfahari da kai ba,
Isufu